Yadda ake yada zango a Kumasi kafin a miƙi hanyar Arewa

Wanda ya bar Ankara, babban birnin Ghana, da niyyar doguwar tafiya, ko Tamale da Bolga ya nufa, ko zai ƙetare Paga zuwa Wagadugu har ya dangana da Yamai, da wuya ya ratsa Kumasi bai sauka ba. Akwai ƙanin mahaifi a Aboabo, akwai abokin makarantar allo a Sawaba, ga surukai a Tafo Zango. In labari ya iske su cewa ka wuce ta tashar motar Asafo ba ka leƙo ba, sai ka shekara kana ba da haƙuri. Sai dai zangon farko ya fi kowane zango cin guzuri. Aljihu na cike, jiki bai gaji ba, kowa na murnar ganinka, kai ma kana jin kamar tafiyar ba ta fara ba tukuna. Da haka kwana biyu ke zama mako, kuɗin motar Yamai ya tafi a gudummawar suna da shatar tasi, jaka ɗaya ta haifi uku. Ga yadda za ka tsara saukar, ka sada zumunci, ka buɗe ido, kuma ka tashi da ƙarfinka da kuɗinka.

Yanke kwanakin tun kana gida

Kwana uku ne ma'auni. Haƙƙin baƙo a kan mai masauki kwana uku ne kamar yadda ya zo a hadisi, abin da ya wuce nan sadaka ce. A mazhabar Malikiyya da mafi yawan mutanen zango ke bi, wanda ya ƙudurta zaman kwana huɗu cikakku ya fita daga hukuncin matafiyi, sai ya cika salla. Ban da wannan, a gidan da ake layin banɗaki da asuba, daren huɗu na baƙo yana da nauyi ko ba a faɗa masa ba.

Tsarin da ya fi dacewa shi ne ka tashi Ankara ranar Laraba da asuba, ka kwana Laraba da Alhamis da Juma'a, ka kama hanya Asabar da sassafe. Dalili kuwa, Juma'a na tara maka mutanen da ba za ka iya bi gida-gida ba. Asabar ranar makoki ce ga Tonawa, wato mutanen Asante: a kafa rumfuna a tsakiyar titin unguwa, a toshe hanya, motoci su yi ta zagaye, don haka gara ta same ka kana fita daga garin tun kafin a fara jera kujeru. Lahadi kuma ranar ɗaurin aure ce a zango, kuma duk baƙon da Lahadi ta riska a Asawase ko Yalwa sai an ja shi biki, ga gudummawa, ga wuni ya tafi. Abu ɗaya ne ya cancanci a karya wannan tsari saboda shi, wato Akwasidae, zaman fadar Asantehene, sarkin Asante, da ake yi ranar Lahadi duk bayan kwana 42. In ranarsa ta faɗo kusa, ka jinkirta tashi daga Ankara zuwa Juma'a, ka bar Kumasi Litinin.

Ka faɗa wa mai masaukinka ranar zuwa da ranar tashi a kira ɗaya, mako guda kafin lokaci. "Kawu, ina tafe Laraba in Allah ya yarda, Asabar da asuba zan wuce Tamale." Wanda ya ji ranar tashi tun farko ba ya jin haushi in ta zo. Wanda ka bari a buɗe kuwa, duk ranar da ka ce za ka tafi sai ya ga kamar wani abu aka yi maka.

Gida ɗaya za ka sauka

Kada ka raba kwana tsakanin gidaje uku don a ce ka yi adalci. Kwashe kaya kullum na cin rabin safiya, kuma a nan caja da takalmi da katin rigakafi ke ɓacewa. Zaɓi maigida ɗaya. In akwai dattijo a dangi, shi ya fi cancanta ko da ɗakinsa bai kai na abokinka ba, domin sauka wurin yaro a tsallake babba magana ce da za ta bi ka har Arewa. In gidan dattijon ya cika maƙil, ka kai jakarka can, ka ci abincin farko can, sannan ka nemi izininsa ka riƙa kwana wurin abokin. Da bakinsa zai ce ka je.

Mace mai tafiya ita kaɗai ta sauka wurin gwaggo ko inna ko yayarta, ta kuma tabbatar akwai wanda zai tarye ta a tasha.

Ta fuskar zirga-zirga, Alabar da Akwatia Line da Asawase da Aboabo sun fi sauƙi, saboda Manhyia, fadar Asantehene, da kasuwar Kejetia duk suna kusa. Wanda ya sauka Tafo ko Ayigya Zango ya ƙara awa guda a lissafin kowace fita da safe.

Kuɗi da takardu

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kasa guzurinka kashi biyar, kashi ɗaya kacal na Kumasi ne, har da tsaraba da kuɗin shiga wuraren kallo da abin da za ka bar wa gida. Sauran huɗun ka bar su a MoMo, asusun kuɗi na waya, ko ka ɗaure su a ƙasan jaka, ka ɗauka babu su. Kashin Kumasin ka canza shi zuwa ƙananan takardu, sidi 5 da 10 da 20, tun a Ankara. Wanda ba shi da canji sai 'yan ɗari-ɗari da ɗari biyu-biyu yakan ba yaro abin da ya yi niyyar ba tsohuwa, don kunya ba ta barin a nemi canji a gaban mutane.

Ghana Card ya kasance a jikinka, ba a jaka ba. A wuraren tarihi kuɗin shigar ɗan ƙasa daban, na baƙo daban, kuma mai babbar riga da Hausa a baki sau da yawa sai ya nuna kati kafin a yarda ɗan Ghana ne. Mai ƙetare iyaka ya haɗa da fasfo da katin rigakafin shawara. Allurar ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10, saboda haka yin ta a Kumasi ana jibi tashi ba ya fisshe ka a Paga. Ka ɗauki hoton kowace takarda a waya, ka tura wa wani na gida.

Daga Circle zuwa Asafo

Tsakanin Ankara da Kumasi kimanin kilomita 250 ne, ta Nsawam da Suhum da Nkawkaw da Konongo da Ejisu. Awa biyar zuwa shida ake yi, ya danganta da cunkoson fita Ankara da na shiga Kumasi. Manyan motocin VIP da ke lodi a tashar Circle ta Ankara sai sun cika suke tashi, na STC kuma da lokaci suke aiki. Ka isa tasha kafin ƙarfe biyar, ka yi asuba a can. Motar da ta bar Circle da shida ta tsere wa cunkoson Pokuase da Amasaman, wadda ta kai takwas kuwa ta shiga cikinsa tsundum.

Burodin Nsawam da na Nkawkaw tsaraba ce da ba a rainawa, kuma ta taga ake saye. Manya uku sun isa: ɗaya na masauki, biyu na gidajen dattawa. Daga Ankara ka taho da sukari da ganyen shayi da madarar gwangwani da sabulu na uwargida, turare ko dabino na maigida, alawa ta yara. Kowane gida ƙunshinsa daban, ka ɗaure tun a gida ka rubuta suna, don kada ka zauna rabo a tsakar gidan mutane idanu na kanka.

In masaukinka na wajen Ayigya ne ko Aboabo, ba dole ka kai Asafo ba. Ka gaya wa yaron mota tun a Ejisu cewa za ka sauka Tech Junction ko Anloga Junction, kuma tun a Circle ka sa a ajiye jakarka bakin ƙofar but, in ba haka ba direba ba zai tsaya a kwashe kayan mutum arba'in saboda kai ba. Daga nan ka ɗauki shatar tasi, ku gama ciniki kafin jaka ta shiga. Ranar farko da kaya niƙi-niƙi ba ranar trotro, ƙaramar bas ta haya, ba ce.

Gaisuwa tana da jeri

Nan ne aikin yake, kuma nan aka fi yin kuskure. Bayan ka sha ruwa, ka yi wanka, ka ci abin da aka ajiye maka, ka zauna da maigida ka karanto masa sunayen waɗanda kake son gani. Shi ya san wanda ya kwanta asibiti, da wanda aka yi wa rasuwa watan jiya ba ka ji ba, da gidaje biyun da ba sa ga maciji, waɗanda in ka fara da ɗaya ɗayan zai ƙullace ka. Bari ya jera maka. Yawanci jerin shi ne: gidan da aka yi rashi, sai marar lafiya, sai dattawan dangi, sai malaminka ko na mahaifinka, sai surukai, abokai a ƙarshe. Aboki zai biyo ka masauki da dare ku yi hira har sha biyu. Tsohuwa ba za ta biyo ka ba.

Tsakanin la'asar da isha ta ranar Laraba gida uku za ka iya, in ka matsa huɗu. Rana na faɗuwa wajen ƙarfe shida duk shekara a Kumasi, saboda haka yammacin gajere ne. Minti talatin zuwa arba'in ya ishi kowane gida. Ka nemi yaron gida ya raka ka, domin lungunan Aboabo da Sawaba ba su da alamar da baƙo zai gane, kuma taswirar waya ba ta san gidan Alhaji wane ba. Ka ba yaron nan wani abu a ƙarshe, ya yi aiki.

Kowane gida za a kawo abinci, kuma ƙin ci laifi ne. Dabarar ita ce ka ci loma uku zuwa biyar, ka yaba, ka ce "Hajiya, Kawu na jira na da tuwo, kada in ɓata masa rai." Ba wanda zai ja da wannan. In ka cika ciki da wake da shinkafa a gidan farko, gida na uku za su ga kamar ka raina girkinsu. Kuɗin gaisuwa a naɗe ake miƙa shi, da hannun dama, lokacin sallama, ana cewa "ga na goro, Baba." Ba a ƙirga shi a fili.

Akwai kuma maƙwabta Tonawa, musamman in masu gidan da danginka ke haya Asante ne. Su ma a gaishe su. Maakye da safe, maaha da rana, maadwo da yamma, medaase in an yi maka alheri. In ka tarar da mutane zaune a jere, daga na hannun damarka za ka fara miƙa hannu ka bi zuwa hagu, ba a tsallake kowa don a fara da babba. Za su ba ka kujera da ruwa, sannan su tambaye ka amannee, wato abin da ke tafe da kai, ko da sun sani. Ka faɗa a taƙaice: daga Ankara, zuwa Arewa, na biyo gaisuwa, lafiya lau. Kada ka nuna mutum ko ka miƙa kuɗi da hagu. In sun kira ka Kramo ba zagi ba ne, sunan Musulmi ke nan a bakinsu.

Zaman gidan yawa na da nasa ladabi. Ka yi wanka kafin kiran asuba ko bayan ƙarfe takwas, tsakanin nan na 'yan makaranta ne da masu fita aiki. In famfo ya ɗauke ana sayen ruwa a jarkar nan rawaya da ake kira galan ɗin Kufuor, ka biya na kwana ukun ba tare da an tambaye ka ba. Bokiti ɗaya ya ishi wanka. Ka sa wa mitar wuta kuɗi, ka ba uwargida na cefane a safiyar Alhamis, ba ranar tafiya ba, lokacin da an riga an ci bashi an ciyar da kai. Ka kwana cikin gidan sauro ko ka shafa magani. Zazzaɓin cizon sauro na ɗaukar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya bayyana, ma'ana sauron Kumasi a Wagadugu zai kayar da kai, inda ba ka da kowa.

Alhamis: buɗe ido a cikin gari

Wuri uku a wuni ɗaya, ba biyar ba. Ka karya da koko da ƙosai, ka sa takalmin da ya saba da ƙafarka, ka bar fasfo a gida.

Fara da Manhyia da misalin ƙarfe tara, kafin motocin 'yan makaranta su iso. Daga Alabar da ƙafa ma ana zuwa. Gidan da ya zama gidan tarihi Turawan Ingila suka gina shi a 1925 domin Asantehene Prempeh na Ɗaya, wanda suka kama a 1896, suka kai shi tsibirin Seychelles, bai dawo ba sai 1924. An mai da shi gidan tarihi a 1995. Ana shiga rukuni-rukuni da mai jagora, kuma awa ɗaya da rabi ya isa. A ciki akwai mutum-mutumin sarakunan da suka gabata zaune kamar za su yi magana, har baƙo kan ja da baya in ya shiga ɗakin ba shiri. A 2024, shekarar da Asantehene Otumfuo Osei Tutu na Biyu ya cika 25 a kan karaga, an kawo kayan zinariya da na sarauta 32 aro daga gidajen tarihi biyu na Landan, cikinsu har da waɗanda aka kwashe a yaƙin 1874 da aka ƙone fadar Kumasi. Abin da ya kamata ɗan zango ya tsaya ya duba da kyau shi ne layu. Rigar yaƙin sarakunan Asante, batakari, lulluɓe take da layun fata, aikin malaman Musulmi da suka zauna a Kumasi tun kafin zuwan Bature, zamanin da fatake ke kai goro Salaga. Ka tambayi mai jagora game da wannan, sukan ji daɗin tambayar. Kada ka ɗaga waya ɗaukar hoto sai ka nemi izini.

In Akwasidae ka zo gani, ka sa farar riga ko mai haske, ka guji baƙi da ja don na makoki ne. Ka je da wuri ka sami inuwa, domin ba a fitowa a kan lokaci kuma rana na dukan fili. Abin da ake yi wa kujerun kakanni a ɗaki ake yinsa, ba ya gaban jama'a. Wanda ake gani shi ne tambura da laimomi da sarakuna na kawo gaisuwa, kowa ya zame zane daga kafaɗa ya tuɓe takalmi. A cikin masu kawo gaisuwar akan ga sarakunan zango da rawunansu.

Daga Manhyia ka gangaro ta Kejetia zuwa Adum. Kasuwar Kejetia na cikin mafi girma a Afirka ta Yamma, kuma ba a ganinta duka a rana ɗaya, don haka yau ratsawa kawai za ka yi. Waya a aljihun gaba, jaka a ƙirji. In ka ji ana "agoo" a bayanka ka kauce, mai kaya a ka ce ko mai kura. Ka lura da ƙofar da ka shiga da lambar da ke jikinta, sabon ginin ko'ina kama yake da ko'ina.

A Adum akwai tsohuwar ganuwar soja mai jan bango, wadda Turawa suka gina a 1897, yanzu gidan tarihin soja ce. Nan mayaƙan Yaa Asantewaa, uwar sarautar Ejisu, suka tsare Gwamna Hodgson a 1900 bayan ya nemi a kawo masa kujerar zinariya ya hau. Sojojin da ke ciki tare da shi, waɗanda yunwa ta fi ci, akasarinsu dakarun da ake kira Hausa ne, kuma wannan ɓangaren tarihin bai cika fitowa a hirar zango ba. Akwai bindigogi da tutoci da hotunan yaƙin Habasha da na Bama, inda kakannin mutane da yawa na zango suka yi soja. Awa ɗaya.

Ka yi azahar, ka ci abinci. In a gidan abincin Tonawa ne, ka tambayi naman miyar kafin a zuba, saboda miyar sakwara kan haɗa naman daji da ƙafar alade. Mafi sauƙi ka nemi mai wake da shinkafa ko tuwon zafi, kusan duk 'yan zango ne.

Na uku ka zaɓa tsakanin Cibiyar Al'adu da ke hanyar Bantama, inda gidan tarihin Prempeh na Biyu da masu sassaƙa da saƙa suke, da kuma takobin Okomfo Anokye, bokan da ya taimaka wajen kafa daular Asante. Takobin na cikin harabar babban asibitin koyarwa, wanda duk Kumasi ke kira Gee, kuma haka za ka ce wa direba. Kafe yake a ƙasa fiye da shekara 300, Tonawa na cewa duk ranar da aka zare shi daular za ta watse. Minti ashirin ya isa, kuma kusa suke da juna, mai sauran ƙarfi zai iya haɗawa. Ƙarfe huɗu ka kama hanyar gida. Daga biyar zuwa bakwai layin trotro a Kejetia sai wanda ya gani. Daga Afrilu zuwa Yuli, da kuma Satumba da Oktoba, ruwan yamma na iya sauka kamar da bakin ƙwarya, kwatocin Aboabo su cika su tumbatsa, saboda haka kada hadari ya same ka nesa da gida.

In ka ƙara kwana ɗaya

Ɗaya za ka ɗauka, tafki ko masaƙa. Tafkin Bosomtwe na kimanin kilomita 30 kudu maso gabas, ta Atonsu zuwa Kuntanase, daga nan tasi ta gangara da kai Abono. Rami ne da dutse daga sama ya haƙa shekara wajen miliyan ɗaya da ta wuce, faɗin ruwan kusan kilomita 8, tsaunuka kewaye. Masunta a kan gungumen katako suke zama suna tuƙi da hannu. Ka riƙe lambar direban da ya kai ka, don motar hawowa na wuya da yamma. Ka guji ranakun hutu, wurin cika yake da kiɗa. Ruwan na da zurfi ƙwarai, wanda bai iya iyo ba ya tsaya a gaɓa, kuma kada ya hau jirgin da ba rigar ruwa.

Bonwire kuwa garin kente ne, ta Ejisu ake bi. Ƙyalle-ƙyalle ake saƙa shi, kowanne faɗinsa kamar tafin hannu, a haɗa kusan 24 kafin a sami zanen namiji. In kana son bambance saƙar hannu da bugun inji, juya bayan: na hannu adonsa ya ratsa ciki da waje kuma za ka ji ɗinkin haɗin da yatsa, na inji bayansa a koɗe yake, sumul. Ka kalla, ka yi ciniki, ka karɓi lamba, amma ka bar sayen sai a dawowa. Kente na da nauyi da tsada, kuma jami'in iyaka da ya gan shi sabo a leda zai ɗauke ka ɗan kasuwa.

Juma'a: tikiti, masallaci, goro

Da safe, kafin komai, ka je tasha da ƙafarka ka yanki tikitin Asabar. Motocin Bolga da Navrongo na lodi a Krofrom, manyan kamfanoni kuma na da tashoshinsu. Ka tambayi abu uku: ƙarfe nawa ake fara lodi, nawa ne kuɗin kaya, kuma motar kai tsaye take ko ana sauya wata a Tamale. Ka zaɓi ta safe. Kumasi zuwa Tamale kimanin kilomita 380 ne, awa shida zuwa bakwai, ta Offinso da Techiman da Kintampo da gadar Buipe da ta Yapei, kuma hanyar ta sha ganin munanan haɗurra da 'yan fashi cikin dare. Daga Tamale zuwa Bolga akwai wajen 160, Paga kuma 40 a gaba. Mai wucewa can ya kira wani a Bolga ya ji halin hanya, saboda rikicin Bawku kan jawo dokar hana fita a wasu garuruwa. Mai shiga Burkina kuma ya tambayi direbobin da suka dawo a makon, ba wanda ya je bara ba. Sefa ka canza kaɗan a ofishin canji mai lasisi a Adum, da katinka, gwargwadon kuɗin mota da abincin kwana biyu.

Ka tafi babban masallacin Kumasi da wuri, wanda aka sabunta aka buɗe a 2023. Ka gaya wa abokai tun daren Alhamis ƙofar da za ku haɗu bayan sallama. A rabin awa za ka ga mutum goma sha biyar da da sai ka kwana biyu kana nemansu.

Goro shi ne tsarabar da ta cancanci a saya yanzu, don a Arewa yake da daraja, kuma ƙasar Asante ce gidansa. Ka tafi da wanda ya san harkar. A ƙwarya ake lissafi, ƙwarya ɗaya goro 100, kuma biyu ko uku sun ishi tsaraba. Fiye da haka ya zama fatauci, da nasa haraji a iyaka. Ka zaɓa da hannunka: mai nauyi, fata sumul, ba tabo. Ka duba ɗan ƙaramin huji baƙi ko gari-gari a gindi, wannan sankara ce, kuma guda ɗaya mai ita na iya lalata ƙunshi. Ka sa a fasa biyu ko uku daga tsakiyar kwando, ba na sama da aka jera don ido ba. Wanda zai yi mako a hanya ya nemi daushe, wanda ya kwana biyu ya sha iska, domin sabon ɓara na gumi ya ruɓe. A naɗe shi da ɗanyen ganye a cikin ɗan buhu ko kwando. Leda na dafa shi, iskar hunturu kuma na busar da shi ya yamutse. Duk kwana biyu ka buɗe, ka fitar da wanda ya fara laushi, ka ɗan yayyafa wa ganyen ruwa, ba goron ba. A mota kada ya zauna kusa da inji ko jarkar fetur, yana ɗaukar wari.

Da yamma saƙonni za su fara shigowa. Wannan na ɗiyarta da ke aure a Walewale, wancan na ƙaninsa a Yamai. Ka sa iyaka tun Laraba ta bakin maigida: ƙaramar jaka ɗaya ce ta saƙo, in ta cika shi ke nan. Kowane ƙunshi a buɗe shi a gabanka, a rubuta suna da lambar mai karɓa. Magani ko ƙulli da aka ce kada a buɗe, ka ba da haƙuri ko na wane ne. A shingen kwastan da na 'yan sanda wanda kaya ke hannunsa shi ake tambaya, kuma ƙwayoyi irin su tramadol sun jefa matafiya da yawa a cikin abin da ba su san hawa ba balle sauka. Saƙon kuɗi kuma a tura ta waya.

Daren ƙarshe

Ka yi sallama da dattawa bayan magariba, ka nemi addu'a, kada ka bari sai asuba kana buga ƙofofi. Ka ci abu mai sauƙi da zafinsa. Burkina, wato haɗin gero da nono, da fura da suka wuni a rana, da tsiren da ya kwana, ka bar su, don gudawa a motar awa bakwai ba ta da magani sai kunya. Ka cika waya da batirin ajiya da wuta, ka ɗaure kaya, ka ƙirga kashi huɗun nan ka tabbatar suna nan yadda ka bar su. Ruwan leda, burodi, dabino, butar alwala da rigar sanyi su kasance a jakar hannu, saboda sanyin na'urar manyan motoci ba wasa ba ne. Ka yi magana da mai tasi tun dare ya zo ƙarfe huɗu da rabi, ka kuma karɓi lambar wani na biyu ko da na farkon ya makara.

Abin da za ka bar wa gida ka damƙa wa uwargida a hannu, na yara kuma daban. A tasha ka tsaya har ka ga jakarka ta shiga but, ka karɓi shaidar kaya in ana bayarwa. Idan mota ta tsaya a Kintampo ka kira maigida ka ce kun kai rabi, in kun sauka Tamale ka sake kira. Agogon Burkina ɗaya ne da na Ghana, sai ka shiga Nijar za ka ƙara awa guda.